Gidan Kane Kwei da Sana'ar Ƙera Akwatin Gawa

A kan titin da ya tashi daga Accra ya bi gaɓar teku zuwa Tema akwai garin Teshie, tsohon garin masunta na ƙabilar Ga. Duk wanda ya bi wannan titi zai ga wasu shagunan kafinta da ba kasafai ake ganin irinsu ba. A bakin ƙofa ga kifi wanda ya fi mutum tsawo, ga barkono jawur, ga jirgin sama da jerin tagoginsa, ga kaza ta baje fikafikai a kan 'yan tsakinta, ga Marsandi har da lamba gaba da baya. Kowanne yana da marfi, kuma idan aka ɗaga shi za a tarar an shimfiɗe cikin da yadi mai laushi. Akwatunan gawa ne. Gidan da ya fi kowane fito da wannan sana'a har duniya ta san da ita shi ne gidan Seth Kane Kwei, wanda aka haifa a 1922 ya mutu a 1992, kuma har yanzu shagon da ya kafa yana hannun zuriyarsa.

Bahaushe zai ji abin banbaraƙwai. Mu a wajenmu mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an yi masa wanka, an suturta shi da likkafani, an ɗora shi a makara, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Makarar da ta ɗauki attajiri jiya ita za ta ɗauki almajiri yau, a dawo da ita masallaci ta jira na gaba. Haka Musulmin Nima da Mamobi da Sabon Zango suke yi a cikin Accra ɗin kanta, tafiya kaɗan daga Teshie, kuma ba sa cikin masu sayen waɗannan akwatuna. Wannan tafarki ya wadatar da ni, ba na neman wani. Amma ba sai mutum ya ɗauki al'adar wasu ba kafin ya gane gwani idan ya gan shi, kuma mutanen gidan nan gwanaye ne a abu biyu masu wuya: sarrafa katako, da zama da masu makoki.

A al'adar Ga ta gargajiya mutuwa ƙaura ce. Wanda ya tafi ya shiga sahun kakanni, kakanni kuwa a wajensu suna da hannu a cikin lafiya da arzikin waɗanda suka bari. Saboda haka ba a gaggauta sallamar mamaci. Ana ajiye gawa a mutuware makonni, wani lokaci watanni, har 'ya'yan da ke Kumasi da Landan da Amurka su hallara, dangi su haɗa kuɗi, a buga sanarwa da hoton mamacin a manna a bango, a ɗinka ankon baƙi da ja, ko fari idan mamacin ya tsufa ƙwarai. Wannan jinkiri shi ne ya ba kafinta fili. Da Ga suna binnewa a ranar da aka mutu, da sana'ar ba ta tsiro ba tun farko, domin akwati ɗaya yana cin mako biyu zuwa shida, gwargwadon siffarsa da yawan hannun da ke kansa.

Tushen abin yana gidan sarauta. Sarakunan Ga sun saba a ɗauke su a kafaɗa ranar biki, suna zaune cikin wani mazauni na katako da aka sassaƙa da siffar tambarin gidansu. A Teshie ana ba da labarin wani basarake da aka yi wa irin wannan mazauni da siffar ƙwallon koko, sai ajali ya riske shi kafin ranar bikin, aka binne shi a ciki. Labari na biyu na kakar Kane Kwei ne. Tsohuwar ta rayu tana ganin jirage suna tashi suna sauka a filin jirgin Accra, ba ta taɓa shiga ko ɗaya ba. Da ta mutu a farkon shekarun 1950, jikanta ya ƙera mata akwati mai siffar jirgin sama. Mutane suka gani, abin ya shiga ransu. Masunci ya ce shi kifi yake so, ko kwalekwalensa. Manomi ya ce albasa.

Tarihi ya fi wannan labari faɗi. Wata mai bincike 'yar ƙasar Suwizalan, Regula Tschumi, ta daɗe tana bin diddigin sana'ar, ta nuna cewa wani kafinta a garin La mai maƙwabtaka da Teshie, Ataa Oko, ya fara irin waɗannan akwatuna tun wajen 1945. Ataa Oko ya rayu har 2012, kuma sai da ya tsufa masu nazari daga waje suka san da zamansa. Haƙƙinsa ne a ambace shi. Wannan bai rage wa Kane Kwei komai ba, domin gudummawarsa daban ce. Shi ne ya mayar da abin cikakkiyar sana'a mai shago a bakin titi, mai yaran koyo, mai karɓar aiki daga kowa. Zamanin ma ya taimaka masa. Kuɗin koko sun shigo hannun mutane, Ghana ta samu 'yancin kai a 1957, direbobi da 'yan kasuwa da masu jiragen kamun kifi sun samu abin hannu, kuma abin da a da sai basarake, yanzu talaka mai rufin asiri ma yana iya nema wa mahaifinsa.

Aikin ba da zarto yake farawa ba. Da zama yake farawa. Dangi suna zuwa shago su uku ko su biyar, idanu a kumbure, ɗauke da hoton mamacin da awon tsawonsa. Wani lokaci mamacin ya bar wasiyya, wani ma ya zo da ƙafarsa tun yana da rai ya zaɓi abin da yake so. Galibi dai dangi ne ke yanke shawara, kuma duk wanda ya taɓa zama cikin 'yan'uwa ranar rashi ya san ba a cika samun baki ɗaya ba. Babban ɗa yana ganin mahaifinsu direba ne, a yi mota. 'Yar autar tana tuna cewa shekarunsa na ƙarshe a coci ya ƙarar da su. Maigidan shago zai saurara, ya yi tambaya, ya bar su su yi ta ba da labarin tsohonsu, har siffar da ta dace ta fito daga bakinsu. Ba ya yi musu gaggawa, ba ya kuma cusa musu mafi tsada. Wanda ya yi haka sau ɗaya a gari irin Teshie, inda kowa ya san kowa, ya gama sayar da mutuncin gidansu.

Dole kuma ya san iyakokin al'ada fiye da masu zuwa wajensa. Akwai siffofin da ba kuɗi ke sayensu ba. Zaki, da takobi, da kujerar sarauta, da wasu dabbobin da suke tambarin wasu gidaje, na sarakuna ne da shugabannin dangi da manyan masu riƙe da al'ada. Attajiri komai dukiyarsa ba zai shiga cikinsu ba idan ba gidansa ba ne. Sauran siffofin suna magana ne a kan sana'a ko hali. Alƙalami na malamin makaranta ne ko ɗan jarida, keken ɗinki na tela, guduma ta kafinta, kaza da 'yan tsaki ta uwar da ta haifi 'ya'ya da yawa ta rene su. Sannan ga batun coci. Yawancin mutanen kudancin Ghana Kiristoci ne, kuma coci-coci da dama ba sa yarda a shigar musu da akwati mai siffar dabba ko mota. Wanda suke karɓa shi ne mai siffar littafin Baibul. Kafinta nagari zai tambayi dangi tun a zaman farko inda za a yi addu'a, don kada a kai ranar jana'iza a tsaya a ƙofar coci ana jayayya da gawa a kafaɗa.

Bayan an daidaita sai a koma ga katako. Na binnewa ana yin sa ne da icen da 'yan Ghana ke kira wawa, wanda masu sayar da katako a Najeriya suka sani da obeche. Fari ne, mara nauyi, mai taushi, yana karɓar ƙusa ba tare da ya tsage ba, kuma ya fi sauran araha. Yana saurin ruɓewa a cikin ƙasa, wanda a wannan aiki ba aibi ba ne. Rashin nauyinsa kuwa rahama ce ga masu ɗauka, domin akwatin da gawar da ke ciki a kafaɗar mutane za su yi tafiya, wani lokaci mai nisa, a cikin rana.

Matsalar da gwanintar ta ke warwarewa mai sauƙin faɗa ce: katako miƙaƙƙe ne, kifi kuwa babu miƙaƙƙen layi ko ɗaya a jikinsa. Ba kututture guda ake samu a rarake cikinsa ba. Ginawa ake yi. Ana fara da shimfiɗar da gawar za ta kwanta a kai, gwargwadon tsawonta da faɗin kafaɗunta, da ɗan sarari don yadi da abin da dangi za su sa a ciki. Wannan awo shi ne sarki, duk sauran siffar biyayya take yi masa. Daga nan sai a yanka lanƙwasassun katakai a tsayar da su jere kamar haƙarƙari, masu faɗi a tsakiya, suna tsukewa zuwa kai da wutsiya. A kan haƙarƙarin ake jera siraran katakai ɗaya bayan ɗaya, kowanne an ɗan karkata gefensa don ya zauna daram da maƙwabcinsa. A wannan mataki abin ba shi da kyan gani, duk kusurwa ne da kan ƙusa. Sai yara su hau shi da abin fiƙe katako, su yi ta cire kusurwa har tudu da kwari su haɗu su zama lanƙwasa ɗaya. A cike ramuka da ƙulli, a bar shi ya bushe, a bi da samfefa, a sake cikewa, a sake gogewa, har tafin hannu ya bi jikin daga kai zuwa wutsiya bai ji inda katako ya haɗu da katako ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda tsofaffin gwanayen suke yin duk wannan ba tare da zanen injiniya ba, kuma da kayan hannu kawai: zarto, guduma, kurfi, tef na awo, fensir a bayan kunne. Hoto ya ishe su, ko ƙaramar motar wasan yara, ko kifin da aka sayo a bakin teku da safe aka ajiye a kan benci. Maigida zai dubi abu mai tsawon tafin hannu, ya faɗaɗa shi a cikin kansa har ya kai tsawon mutum, kuma kowane sashe ya tashi daidai da ɗan'uwansa. Wuyar ita ce ba kowace siffa ce aka halitta don ta ɗauki mutum a kwance ba. Kifi da ƙwallon koko da kwalba suna da dogon ciki, sun ba da haɗin kai. Kaza fa? Albasa fa, wadda take dunƙulalliya? Zaki, mai ƙafafu huɗu da za su ɗauki nauyi? Nan sai an ja nan an matse can, an tsawaita ciki, an ɓoye tsawon a cikin wutsiya ko ganye, ta yadda mai kallo zai ga kaza sak, bai lura an yi mata ƙari ba. Ga kuma layin marfi, wanda dole ya buɗe cikin sauƙi ya rufe ruf, amma ya ɓace a cikin siffar. Ga fikafikan jirgi da ƙahon sa, waɗanda sai an yi tunanin yadda za su fita ta ƙofar shago, su hau mota, su bi lungun unguwa, su shiga kabari. Duk wannan lissafi a ka ake yin sa, kuma kuskure ɗaya ranar jana'iza zai bayyana, a gaban gari guda, lokacin da babu halin gyara.

Fenti ne ke hura wa aikin rai, kuma yakan ci kwana ɗaya ko biyu. Wani maigidan da kansa yake yi, wani kuma sai ya kira masu rubuta allon shaguna. A cikin irin waɗannan masu zane akwai waɗanda suka yi suna a shekarun 1980 da 1990 wajen zana tallan finafinai da hannu a kan buhun fulawa, don gidajen kallon bidiyo na Ghana. Su ne ke fitar da ɓawon kifi ɗaya-ɗaya, da ƙyallin ido, da jijiyoyin ganyen koko, da tambarin mota. A ƙarshe a jera yadi a ciki, a yi matashi, a lulluɓe akwatin a jira ranar.

Ranar kuwa ɗaya ce tak. Ana fito da akwatin, a sa mamacin, a ɗauke shi a zaga da shi unguwa ana kiɗa ana kuka, a bi ta wuraren da ya saba zama. Mutanen da ba su iya karatu ba ma suna ganin kifi sun san masunci ne ya tafi. Kafin rana ta faɗi ƙasa ta rufe aikin mako uku ko huɗu, babu mai sake ganinsa. A nan ne nake sara wa mutanen nan. Kafintan da ya yi ƙofa ko gado yana da shekaru ashirin da aikinsa zai yi ta yi masa shaida. Wannan kuwa ya san sa'o'i kaɗan ne rabonsa, ya san wanda aka yi dominsa ba zai gani ba, ya san dangi cikin hawaye ba za su duba ƙarƙashin ciki ba, amma duk da haka sai ya goge ƙarƙashin cikin. Mutum ya yi shekara arba'in yana irin wannan aiki bai fara ha'inci ba, akwai tarbiyya a bayansa.

Tarbiyyar a shago ake samunta, kuma a nan ne amfanin gida yake. Yaro yana shiga yana ɗan shekara goma sha wani abu. Shara zai fara, da miƙa ƙusa, da ɗauko katako, da samfefa har yatsu su yi kanta. Shekaru za su wuce kafin a bar shi ya yanka haƙarƙari, wasu shekarun kuma kafin a bar shi ya yi magana da dangin mamaci. A duk tsawon wannan lokaci yana gefe yana jin yadda maigida ke gaishe da gwauruwa, yadda yake faɗin farashi ba tare da ya ƙara wa mai ciwo ciwo ba, yadda yake haƙuri da wanda ya kawo rabin kuɗi. Babu makarantar da ke koyar da wannan. Bayan mutuwar Kane Kwei 'ya'yansa suka ci gaba da riƙe shagon, sannan a 2005 jikansa Eric Adjetey Anang, haifaffen 1985, ya karɓi ragama yana ɗan shekara ashirin. Ya kai aikin kakansa ƙasashe da dama, yana ƙerawa a gaban ɗalibai da masu kallo.

Reshe mafi girma da ya fito daga gidan shi ne Joseph Ashong, wanda aka fi sani da Paa Joe, haifaffen 1947, wanda mahaifiyarsa 'yar'uwar Kane Kwei ce. An kai shi shagon yana saurayi, ya yi wajen shekara goma yana koyo, sannan a tsakiyar shekarun 1970 ya buɗe nasa a Nungua. Shi ma ya yaye wasu. Daniel Mensah, da ake kira Hello, ya buɗe shagonsa a Teshie. Kudjoe Affutu ya kai sana'ar Awutu Bawjiase a Yankin Tsakiya. Idan aka bi salsalar manyan masu wannan aiki a yau, yawancinsu a benci ɗaya za a tarar sun samo asali.

Duniyar waje ta shigo tun a shekarun 1970, lokacin da wata Ba'amurkiya mai sayar da kayan fasaha, Vivian Burns, ta fara sayen aikin Kane Kwei. Wani ƙwallon koko nasa yana gidan tarihi na de Young a San Francisco. Babbar ƙofa ta buɗe a 1989, a baje kolin Magiciens de la Terre da aka yi a Paris, inda aka nuna akwatunan Kane Kwei da Paa Joe tare da ayyukan mashahuran masu fasaha na duniya. Daga nan gidajen tarihi suka shiga saye. Gidan Tarihin Birtaniya yana da gaggafar Paa Joe, na Brooklyn yana da takalmin Nike da ya ƙera. Wannan kasuwa ta sa shagunan suka koyi yin aiki iri biyu. Wanda za a fitar waje ba a yin sa da wawa, domin sanyi da bushewar iskar Turai za su tsaga shi, ƙwari kuma su cinye. Sai a nemi katako mai tauri irin su mahogani, a ƙara lokaci, a ƙara farashi ninki-ninki.

Akwai abin da ba zan rufe ido a kai ba. Jana'iza a kudancin Ghana tana cin dukiya, kuma 'yan ƙasar da kansu, malaman coci da sarakuna da 'yan jarida, sun daɗe suna kokawa a kan iyalan da ke cin bashi don a ce sun yi wa mamaci gata, alhali yana jinya ba su kashe rabin haka ba. Kukan gaskiya ne. Sai dai akwati kashi ɗaya ne cikin kashe-kashen, tare da kuɗin mutuware na watanni, da rumfuna, da abinci da abin sha, da makaɗa. Kafintan ma ba shi ne ke kwashe riba ba. Katako yana ƙara tsada yayin da dazuzzukan Ghana ke raguwa, yaran koyo suna buƙatar ci, kuma aikin ba kullum yake zuwa ba.

Paa Joe shaida ne a kan haka. Duk da sunansa yana manyan gidajen tarihi, sai da ya bar bakin titin Nungua ya koma Pobiman a bayan gari, inda masu wucewa ba su da yawa, ciniki ya ja baya ƙwarai. Ɗansa Jacob ne ya tsaya tare da shi, ya ɗauki nauyin hulɗa da masu saye na waje, yana kuma koyon aikin hannun. A 2013 su biyun suka je Ingila suka ƙera zaki a filin shaƙatawa na Clumber Park jama'a suna kallo, tafiyar da aka yi fim a kanta mai suna Paa Joe and the Lion, wanda ya fito a 2016. Tun kafin nan tsohon ya riga ya kai gwanintarsa wani fagen da ba a yi zato ba. Ya ƙera manyan siffofin gidajen da Turawa suka gina a gaɓar tekun Ghana, inda aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jiragen ruwa, irin na Cape Coast, da ganuwarsu da matakalarsu da ƙofofinsu. Ba don a binne kowa a ciki ya yi su ba. An nuna su a Amurka, a birnin New York da kuma Atlanta, a gaban jikokin mutanen da aka fitar ta waɗannan ƙofofi.